Igiyar Zarton Masuji

Masuji da bakinsa ya ɗaure kansa, babu wanda ya sa shi. Ina wurin, ni ce ma nake zuba shayi. Ranar cika kwana arba'in da tara da rasuwar matarsa Fusae ce. Malamin haikali ya gama karatunsa ya tafi, mutane sun zauna cin abinci, sai 'yarsa Chizuru ta matso ta durƙusa a gabansa, ta ce ya haɗa kayansa ya bi ta birnin Takamatsu, ta riga ta gyara masa ɗaki. Ta ce mutum mai shekara saba'in da shida ba ya zama shi kaɗai a kan dutse. Shi kuwa ya riga ya kora giyar shinkafa kofi uku, kunnuwansa sun yi ja. Ya ɗaga tsinken cin abinci ya nuna rumfar bayan gida.

"Kin ga zarton injin da ke rataye can? Ranar da na ja igiyarsa na kasa tayar da shi, zo ki ɗauke ni, ba zan ce miki uffan ba. Kafin ranar kuwa, ki shafa mini lafiya."

Chizuru ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa ya ji ko? Muka ce mun ji. Ta juya wajen hoton uwarta inda turare ke hayaƙi, ta ce to Mama ma ta ji. Aka yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Ni ban yi dariya ba, don na san uban na san 'yar, taurin kansu iri ɗaya ne.

Sunana Kikue. Gidana ne na ƙarshe a ƙauyen Hirasako, nasa na ƙasa da nawa kaɗan, in na leƙa ta tagar kicin ina ganin rufinsa da hayaƙin wutar wankansa. Shekara hamsin da wani abu na san shi, kuma ban taɓa cewa mutum ne mai daɗin zama ba. Ba shi da hira. In an gaishe shi sai ya duba agogo tukuna, kamar an tsayar da shi a inda babu tasha.

Shi ne ɗa na uku a gidansu, na uku kuwa ba ya gadon daji, don haka tun yana saurayi ya sauka gari ya koyi tuƙi. Shekara talatin da huɗu yana jan bas daga tashar gari zuwa gadarmu, sau uku a rana. Duk wanda ya yi makaranta daga wannan kwari Masuji ne ya kai shi, duk kuma wanda ya bar ƙauyen nan da akwati bai dawo ba, shi ne dai ya sauke shi a tashar jirgi. Da fasinja suka ƙare aka soke layin, shi ma aka sallame shi da takardar yabo. Yayyensa biyu sun daɗe da tafiya, gidan da aka ce ba shi da rabo a ciki ya faɗo hannunsa don babu mai so. Ya kwaso Fusae daga ɗan gidan hayarsu na bakin gada suka hau. A shekarar ce, yana ɗan sittin, ya sayi zarton.

Ba wani zarto ba ne na a zo a gani. Matsakaici, irin wanda ake sayar wa masu gida a kantin kayan lambu don su yanka itacen wuta, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa bai fi taƙi biyu ba. Mijina Iwao, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kayar da itace a daji, da ya gan shi sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, ashe direba ya sayo wuƙar yanka awara. Sunan ya bi zarton shekaru. Su Iwao manyan zartuna suke ɗauka, masu ruri, waɗanda suka girgiza musu hannu har yatsunsu suka mutu. In sanyi ya sauko sai yatsun Iwao su yi fari fat, ni nake saka masa maɓallin riga. Kuma ba sa tattalin kayan aiki. A wurga shi bayan mota, ruwa ya dake shi, in ya yi shekara uku ya gaji a sake wani.

Masuji shi kuwa ya ɗauki zartonsa kamar bas mai fasinja arba'in. Kafin ya taɓa igiya sai ya zagaye shi da ido, ya taɓa kowace ƙusa, ya ja sarƙa da yatsa biyu ya ga ta koma ta kwanta daidai. Mai ba ya haɗa shi da yawa. Fetur da baƙin mai, 'yar kwalba ɗaya, abin da zai ƙare a mako biyu. In ya kai wata sai ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ajiye shi gefe don wanke ƙarfe. Duk tanki ɗaya da ya ƙare sai ya zauna ya wasa haƙoran sarƙa da magagari, kowane haƙori shafa uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Haƙorin da yake farawa da shi ya ɗiga masa jan farcen Fusae don kada ya ɓata lissafin zagaye. Matatar iska tsohon buroshin haƙori yake goge ta da shi. Ramin da sarƙa ke bi, wani tsinken gashi na matarsa ya lanƙwasa yake sakace shi. Ko babu abin yanka, duk ranar Lahadi sai ya tayar da shi na 'yan mintoci, wai inji zama ke kashe shi, ba aiki ba. Fusae takan ce da ita ake kula wa haka da har yanzu tana budurwa.

Shekara biyu bayan rasuwar Iwao na kinkimi ƙaton zartonsa na kai wa Masuji ya duba. Ya buɗe tanki, wani wari ya taso kamar na tsohon fenti. Man da Iwao ya bari a ciki ya zama danƙo, ya toshe kafireta, ya cinye robobi. Masuji ya ɗago ya dube ni kamar wadda ta ɗaure kare ta manta da shi. Na ce to, ni aka ce in kula da miji ko da inji? Ya cire abin da zai iya cirewa, sauran muka ba masu tsohon ƙarfe. Haka duk manyan zartunan ƙauyen nan suka ƙare, su da masu su. Wuƙar awara ce kaɗai ta rage tana kuka a kwarin.

Da aka kawo ni Hirasako gida ashirin da takwas ne. Lokacin da Fusae ta rasu, sama da gada gida biyu ne kawai ke hayaƙi, nasa da nawa. Itatuwan sugi da iyayenmu suka shuka bayan yaƙin duniya babu mai rage su, sun yi tsawo sun yi siriri, saiwarsu ba ta shiga ƙasa ba. In guguwa ta zo, ko ƙanƙara mai nauyi ta kwanta musu, sai su zube a kan hanya biyu biyu. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suna zuwa, ban ce ba sa zuwa ba, amma sai sun gama da inda mutane suke, kwana huɗu, kwana biyar. Motar kanti kuwa, mai yawo da kayan sayarwa, ranar Talata take hawowa, ta asibiti sau biyu a wata, kuma in suka ga itace a hanya juyawa suke yi. Masuji ne yake fita da sassafe ya yayyanka, ya mirgine gungumen gefe, daga baya ya faskara ya raba mana na dafa ruwan wanka. Don haka kada wani ya ɗauka tausayinsa ne kaɗai ya sa na damu da alkawarin nan. In ya tafi, ni ma kwanana a gidan nan ƙidayayye ne, kuma ni ba ni da 'yar da ta gyara mini ɗaki. Ɗana ɗaya, yana can arewa, katin sabuwar shekara ke haɗa mu.

Chizuru sau uku take zuwa a shekara: share kabari da bazara, Obon, bikin tunawa da matattu, a watan Agusta, sai sabuwar shekara. Duk zuwan da ta yi, in ta kunna wa uwarta turare ta sha shayi, sai ta ce, to Baba, a fito mana da shi. Da farko abin wasa ne. Masuji ya fito da zarto tsakar gida yana wani ɗaga kai, ya dire shi ƙasa, ya zura ƙafar dama a marikin baya, ya danne da hannun hagu, ya rufe cok, ɗan maɓallin da ke toshe wa inji iska. Ja ɗaya, ja biyu, inji ya yi tari. Ya buɗe cok, ja na uku ya kama. Sai ya bar shi ya yi ihu sau biyu don duwatsu su amsa, ya kashe, ya ce wa 'yar ta gaida mutanen birni. Shekara huɗu ana haka.

Kuskurensa ya yi shi ne a shekarar da ya cika tamanin, kuma kuskure ne da malalaci ba zai taɓa yi ba. Ya lura zarton ya fara rage ƙarfi, igiya ta yi laushi a hannu. Inji in ya tsufa haka yake, ringin fistin ya cinye, iska na zurarewa, sai jan ya yi sauƙi. Wani tsohon da godiya zai yi. Shi kuwa ya sa shi a kwali ya sauka gari wurin makanike, wani da Masuji ya sha kai shi makaranta yana majina. Makaniken ya gwada, ya ce, Kawu, ka bar shi haka, zai ƙara maka shekara biyar yana yanka, kuma laushin nan ya dace da kafaɗarka. Ai kuwa ya taɓo inda ba a taɓawa. Masuji ya ce shi bai taɓa fita da bas mai ciwo ba don ta dace da ƙafarsa. Ya sayi sabon fistin da ringi, ya dawo ya shimfiɗa jarida a baranda, kwana biyu yana tsugune da tabarau a kan hanci.

Ranar da ya gama ya kira ni in zo in gani. Ya riƙe igiyar ya saki zarton yana reto, bai zame ba, sai dai ya sauko a hankali, cak, cak. Ya ce haka sabo yake yi. Fuskarsa kamar an yi masa jika. Na kama igiyar na gwada, ta fizge mini hannu sai da na ji a wuya. Na ce, sannu da aiki, ka mayar da shi saurayi, kai kuma wa zai canja maka ringi? Ya ce in tafi in duba tukunyata.

Shekarar farko ya iya da shi. Ta biyu kafaɗar dama ta fara. Ba ya faɗa, amma ina ganin yadda yake shanya kaya da hagu. A Obon ɗin bara sai da ya ja tara kafin ya kama. Chizuru tana tsaye da laima, leɓenta na motsi, ƙirga take yi. Da ya kashe ya ce fulogi ne ya yi baƙi. Ta ce to. Ni na san fulogin, a gabana ya saka shi, bai yi mako ba.

Da kaka ta shigo na daina son ranar Lahadi. Ina kicin ina jin sa. Fat. Fat. Fat. Shiru. Can kuma a sake. Wani lokaci in ƙirga ashirin, in ajiye wuƙa in tsaya kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai in ji ya kama, sannan numfashina ya sauka. Ya gano in rana ta take inji ya ɗan yi ɗumi ya fi sauƙi, sai ya mayar da gwajin ƙarfe biyu na rana, ya fitar da shi ya shanya a dutse kamar kanya. Na same shi na ce, akwai masu batir yanzu, maɓalli kawai ake dannawa. Akwai kuma masu wata waya a ciki da ke taya mutum ja, makaniken nan ya gaya mini. A sayo ɗaya, wa zai ce a'a? Chizuru ma murna za ta yi.

"Ban ce wani zarto ba. Wannan na nuna."

Na ce to a mayar da tsohon ringin mana. Ya ce ya jefar. Ƙarya yake, na gan shi a cikin gwangwanin shayi a kan kanta, amma ya fi son ya mutu da ya saka wa injinsa abin da ya san ya lalace. Na zage shi ranar, zagi mai kyau, na ce tsohon banza mai kan dutse. Ya duba agogo.

Dabarar sabuwar shekara tawa ce, ba zan ɗora masa ba. Kowa ya san inji mai zafi ja ɗaya yake tashi, ko cok ba ya so. Abin da ake nema kawai a samu ya tashi sau ɗaya kafin Chizuru ta iso, a riƙe masa zafinsa. Kwana uku ina lallashinsa. Na ce ba ƙarya ba ce, shi ne dai zai ja da hannunsa, ai ba a ce sai da sanyi ba. A ƙarshe bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya dai bar ƙofar rumfa a buɗe.

Safiyar ranar ruwan randa ya daskare. Na tafasa ruwa na cika butocin ɗumama shimfiɗa guda uku, nawa biyu nasa ɗaya, muka jera su jikin zarton, muka lulluɓe da bargon Fusae mai furanni, don shi ne mafi kauri a gidan. Awa biyu. Sannan muka fito da shi. Na durƙusa na danne shi da hannu biyu da duk ɗan nauyin da ya rage mini, shi kuma ya kama igiya da hannu biyu, abin da ya sha hana mutane yi. A ja na goma sha huɗu ya kama. Ya bar shi ya yi zafi sosai, ya kashe, muka sake naɗewa. Na hau gida na zauna bakin taga, inda ake hango kwanar gada. Da farar motarta ta ɓullo na buga masa waya, ta yi ƙara biyu na kashe. Daga gada zuwa gidansa minti shida ne, ya isa ya kwance bargo ya rataye zarto a ƙusarsa.

Na sauko da tiren wainar shinkafa kamar ban san komai ba. Chizuru ta yi turare, ta sha shayi, ta ce a fito da shi. Ja ɗaya. Kwarin ya ɗauka. Ta tafa hannu ta ce Baba ya koma yaro. Shi bai bar injin ya yi ihun da ya saba ba, nan take ya kashe, ya shige ciki.

Ranar da za ta koma ta hawo gidana da kwalin alewa. Ta tambayi gwiwata, ta tambayi ɗana. Har ta saka takalmi sannan ta juyo.

"Goggo, na wanke bargon Mama. Warin fetur yake yi."

Na ce ai tsofaffin barguna haka suke, suna ɗaukar wari. Ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce in riƙa leƙa shi, ta tafi. Kunya ta rufe ni har na kasa raka ta bakin mota.

Masuji kwana goma bai yi mini magana ba. Miyar da na aika masa na tarar da ita a bakin ƙofa ta daskare. Da na tare shi a hanya na ce wai me na yi, ba rufin asirinmu na nema ba? Ya ce tun ranar bai iya ɗaga ido ya kalli hoton Fusae ba, yana kunna turare kansa a ƙasa. Na ce Fusae da tana nan ita za ta tafasa ruwan. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ita ta yi alkawarin ba.

Tsakiyar watan Janairu ƙanƙara ta sauko, irin mai ruwa ruwa mai nauyi. Da gari ya waye sugi uku sun kwanta a kan hanya, ƙasa da gidansa kaɗan. Talata ce. Maganin hawan jinina saura ƙwaya biyu, mai motar kanti ne zai taho mini da shi. Na sa takalman roba na sauka, na tarar ya riga ni. Ya goyo zarton a baya, ya tattake ƙanƙara ya yi masa wuri, ya zagaye shi da ido kamar kullum, ya taɓa ƙusoshi, ya gwada sarƙa. Ya zura ƙafa, ya rufe cok.

Na ƙirga jansa har goma na ce bari in hau in ɗora ruwa. Ya girgiza kai. Na ce to bari in danne maka. Ya ce in matsa. Ya ja, ya huta, ya ja. Jan ba ya kaiwa ƙarshe, igiyar na zuwa rabi sai ta tsaya masa kamar an riƙe ta daga ciki. A ashirin da wani abu ya tsaya ya kwance fulogi, ya jiƙe da mai, ya goge shi da gefen riga, ya hura, ya sa shi a aljihun ƙirji ya ɗan yi ɗumi, ya mayar. Can ƙasa na ji waƙar da motar kanti ke sakawa in tana tafe, ta zo gada, ta ɗan jima, ta juya. Ya ci gaba. A talatin da ɗaya marikin igiyar ya suɓuce masa, ya koma ya bugi murfi. Ya miƙa hannu zai sake kamawa, yatsun suka ƙi rufewa.

Ya zauna a kan itacen da ya faɗi, yana haki, tururi na fita daga bakinsa. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce in hau in kira Chizuru.

Wuta ta kama ni. Na ce ranar ƙanƙara ba ta cikin lissafi, ko matashi yau sai ya sha wuya. Na ce ita ba ta nan, wa ya gani? Ya ce ni na gani. Na ce ni makauniya ce daga yau. Na ce a jira rana ta fito, a jira bazara, a kai wa makanike ya sassauta shi. Ya ce zarton ba shi da laifin komai, babu abin da za a gyara. Sai na faɗi abin da ke raina tun farko, na ce to ni fa? Ka tafi ka zauna a bene kana kallon talabijin, ni in yi yaya da hanyar nan? Ya sunkuyar da kai.

"Ki kira ta, Kikue. In ni na kira, zan ce mata fulogi ne."

Na hau ina kuka ina zaginsa, ina zamewa a ƙanƙara. Na buga. Ban san ma me na ce ba. Chizuru ta ce ta gode, za ta zo da zarar an buɗe hanya. A rana ta huɗu ma'aikata biyu suka hawo, minti ashirin suka gama da itatuwan uku, suna hirar ƙwallo.

Ta zo ranar Asabar. Kayan da ya ɗauka ba su cika bayan mota ba: tufafi, hoton Fusae, takardar yabonsa, agogon bango. Zarto ba shi da wuri a benen Chizuru, hawa na shida, kowa ya sani, ba wanda ya ɗaga maganar. Da aka gama ɗaure kaya ya ce a ba shi rabin awa. Ya fito da zarton tsakar gida, ya cire sarƙa ya jiƙa ta da mai ya naɗe a jarida, ya goge matatar iska, ya juye man tanki a kwalba. Shekara ashirin da biyu bai taɓa juye shi ba, don bai taɓa barin sa ya kwana takwas bai tashi ba. Sai ya tsaya. Akwai ɗan man da ke saura a kafireta, wanda ba ya fita sai an tayar da inji an bar shi ya shanye da kansa. In aka bar shi, shi ne ke zama danƙo.

Ya dube ni, ya san ba zan iya ba. Ya dubi 'yarsa, mai shekara hamsin da uku, wadda aikinta zama gaban kwamfuta, ba ta taɓa riƙe ko lauje ba. Ya ce ta cire wannan takalmin ta sa na uwarta na roba. Ya nuna mata inda ake zura ƙafa, inda ake dannewa, ya rufe mata cok. Ya ce ta ja a hankali har ta ji ya cije, sannan ta fizga daga kafaɗa. Ta farko ta kusa faɗuwa. Ta biyu inji ya yi tari. Ya sunkuya ya buɗe cok. Ta uku ya kama, da sanyinsa, a safiyar da ruwan randa ke daskare. Chizuru ta ja da baya tana toshe kunne. Masuji ya matso kusa da kunnena.

"Kin ji ko? Ja uku. Na gaya miki lafiyarsa lau."

Muka tsaya mu uku muna sauraro. Injin ya yi ta ɗan gunjinsa, can ya ɗaga murya da kansa kamar yadda suke yi in mai ya zo ƙarewa, ya yi tari biyu ya mutu.

Saura abu ɗaya. Ya jira ya huce, ya kwance fulogi, ya ɗiga baƙin mai cokali ɗaya a ramin don kada ciki ya yi tsatsa. Ana jan igiya a hankali sau biyu ko uku mai ya zagaye, shi ke nan. In babu fulogi babu abin da ke riƙe fistin, igiya sai ta zo da laushi, ko yaro ya ja. Masuji ya zura ƙafa, ya danne da hagu, ya ja. Ta biyo hannunsa har ƙarshe. Ya ja na biyu, ya ja na uku. Ya ja na huɗu. Ya gyara tsayuwa, ya ci gaba, yana ja daga kafaɗa yadda yake yi a da, igiya na zuwa tana komawa. Ya wuce goma, ya wuce ashirin. Chizuru ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi magana. Na girgiza mata kai, muka ƙyale shi.